Yawo a Dubai ba tare da tasi ta cinye jari ba

Ɗan Kwari: Assalamu alaikum. Masu zuwa saro kaya karon farko suna yawan tambayar yadda ake zirga-zirga a Dubai. Wanda ya san hanya ya taimaka.

Alhaji Na-Dera: Wa alaikumus salam. Kafin komai, katin Nol, wato katin biyan kuɗin hawa metro da bas. A tashar jirgin metro ake sayensa. Mai ruwan azurfa dirhami 25 ne, 19 daga ciki kuɗin hawa ne. An raba gari shiyya-shiyya: tafiya cikin shiyya ɗaya dirhami 3, biyu 5, abin da ya wuce haka 7.5. In abin da ke katin bai kai 7.5 ba, ƙofa ba za ta buɗe ba, ko da tasha ɗaya za ka. Layi biyu ne, ja da kore. Jan shi ke bi ta Terminal 1 da 3 na filin jirgi, amma kasuwannin unguwar Dera a kan kore suke. Ka sauka a tashar Union ka canza layi. Mai zuwa kasuwannin Naif da Sabkha ya sauka Baniyas Square, mai neman gwal kuma Gold Souq ko Al Ras. Terminal 2 ba tasha a bakinsa.

Hajiya Mai Leshi: Alhaji, ka manta tarko biyu. Akwai taragon mata da yara, an ja masa layi ruwan hoda a ƙasa. Namiji ya tsaya ciki, tarar dirhami 100. Haka taragon alfarma na Gold Class ga wanda katinsa na Nol ba na gwal ba ne. Ci da sha, har taunar cingam, su ma tara ce. Jaka biyu aka yarda, babba da ƙarama, don haka ƙullin saro sai dai mota.

Malam Ɗan Damagaram: Gaskiya ne, Hajiya. A bas kuma direba ba ya karɓar kuɗi, kati kawai. Ka ɗora shi a na'ura in ka hau, ka sake ɗorawa in za ka sauka. Wanda ya manta na biyun, kuɗin tafiya mafi tsawo za a cire masa, don na'urar ba ta san inda ya sauka ba. Kasuwar Dragon Mart kuwa metro ba ya zuwa can.

Alhaji Na-Dera: Tasi daga filin jirgi mitarta daga dirhami 25 take farawa, a cikin gari ƙasa da haka. Duk ƙofar Salik (ƙofar biyan kuɗin hanya) da aka ratsa ana ƙara maka kuɗinta, ba cuta ba ce. Kada ka bi mai cewa "zo, ina da mota". Layin tasi na hukuma ka nufa. Mai rufi ruwan hoda mace ke tuƙawa. Ka riƙe katin otal ɗinka, ƙananan otal na Dera sunayensu kamar an yi musu aski ɗaya.

Hajiya Mai Leshi: Tsallake ruwa zuwa kasuwar yadi ta Bur Dubai kuwa, abra ta fi. Kwale-kwalen katako ne, mutum ashirin a benci baya da baya, direba na bi yana karɓar dirhami ɗai-ɗai. Minti biyar ka isa. A tanadi canji.

Malam Ɗan Damagaram: Arhar otal a Sharja, maƙwabciyar Dubai, ita ma da ƙashi. Da safe hanyar shiga Dubai a cushe take, da yamma ta komawa, ga dirhami 20 da tasi ke ƙarawa in ta ƙetare iyaka. Sannan taswira na yaudara. Abin da waya ta ce minti goma a ƙafa, a watan Yuli da Agusta zafi ya haura digiri 40 ga gumi, sai rigarka ta jiƙe sharkaf kafin ka kai. Kada gajiya ta sa ka yanke titi; tarar dirhami 400 ce. Nemi gada ko ka jira danja. Ranar Lahadi kuma metro sai ƙarfe takwas na safe yake fara aiki.