Neman kalma: me za mu kira "kiredit siko" da Hausa?

Tafinta, Garki:
Assalamu alaikum. Ana shirya takardar wayar da kai da Hausa domin 'yan kasuwa da ma'aikatan Abuja, a kan yadda mutum zai miƙe bayan bashi ya kayar da shi har an kai shi kotu. Aiki ya cije a kalma guda: kiredit siko, lambar nan da banki ke dubawa kafin ya ce maka e ko a'a. Shawara uku ce a ƙasa: makin bashi, darajar bashi, ma'aunin amana. Ma'aikatan banki da lauyoyi da 'yan kasuwa, a taimaka a sa baki. Wadda mai shago a Wuse zai ji sau ɗaya ya gane ake nema.

Hajiya, sashen rance:
Wa alaikumus salam, Malam. Abu uku ne mutane ke cakuɗawa, kuma kowanne sai an ba shi sunansa. Akwai kamfanonin da ke tara bayanan. A Najeriya uku ne Babban Banki ya ba lasisi: CRC da FirstCentral da CreditRegistry, kuma dokar da ke tafiyar da su an sa mata hannu a 2017. Akwai takardar da suke fitarwa a kan mutum: sunansa da BVN ɗinsa, kowane rance da ya karɓa, daga ina, nawa ne, nawa ya rage, kwana nawa ya makara, wa ya tsaya wa, da su waye suka duba shi kwanan nan. Sai na uku, lambar da na'ura ke tacewa daga wannan takarda. Ta CRC daga 300 take zuwa 850, kuma yawanta ake so.

A nan makin bashi ya faɗi. Ka ce wa Bahaushe makin bashinsa ya hau, gabansa zai faɗi, ya ɗauka bashin ne ya ƙaru. Ɗauki mutum biyu. Ɗaya ana binsa miliyan goma, amma duk wata yana zuba kasonsa a ranar da aka sa. Ɗayan ya ci dubu talatin a manhajar waya ya jefar da layin. Na farkon ne mai lamba mai kyau. Darajar bashi ma ba ta tsira ba, don mai lissafi zai ji ta a matsayin adadin da bashin ya kai. Kalmar da za a zaɓa dole ta zama wadda in an ce ta hau, mai ji zai yi murna.

Alhaji, kasuwar katako ta Dei-Dei:
Hajiya ta yi gaskiya. Kalmar tana kasuwa tun kafin a san banki: lamuni. Dila ya ɗora wa mutum katako mota guda ba ko sisi, sai a ce ya ba shi bisa lamuni. Ana cewa wane yana da lamuni a wurin wane, ko lamuninsa bai wuce rabin mota ba. In ya saɓa alkawari ɗaya biyu, lamuninsa ya zube, kuma ba a rumfa guda yake zubewa ba, kafin la'asar labari ya zaga layi. Dawo da shi ma sananne ne. Roƙo ba ya yi. Ya biya tsohon tukuna, ya yi wani lokaci yana saye kuɗi hannu, sannan a gwada shi da ɗan kaɗan a ga ko zai dawo ranar da ya faɗa. Ku ce makin lamuni, kowa zai gane.

Malamin Hausa, Gwagwalada:
Ranka ya daɗe Alhaji, kalmar ta burge ni, amma akwai ƙashi a ciki. Rediyo ya riga ya ja lamuni zuwa ma'anar rance tsagwaronsa. IMF ma Asusun Ba da Lamuni na Duniya ake ce masa, kuma kullum ana jin gwamnati ta karɓo lamuni. Yaron da ya tashi da labaran duniya zai iya jin makin lamuni daidai da makin bashi, mu koma inda muka baro. Shi ya sa na fi karkata ga ma'aunin amana. Amana ba ta da harshen damo, yawanta alheri ne a kunnen kowa.

Barista, Area 11:
Malam, amana ce kalmar da na fi tsoro a cikin ukun. In aka ce ma'aunin amanar mutum ya sauka, an ce masa maci amana ke nan, kuma takardar ba ta san wannan ba. Na'ura kwanaki take ƙirgawa. Wanda aka sallama daga aiki, da wanda gobara ta cinye shagonsa, da wanda yake da kuɗi ya ƙi biya, duk layi ɗaya take rubuta musu: ya makara kwana kaza. Hausa kuwa ta raba mai taurin bashi da wanda hali ya gaza, addini ma ya raba. Hadisi ya kira jan ƙafar mawadaci zalunci, aya ta 280 a Suratul Baƙara kuma ta ce a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi. Ga wanda ya tsaya wa ɗan'uwansa, ɗan'uwan ya gudu, abin ya bayyana a takardarsa shi. Wannan amanar wa ya ci? Sannan wanda bai taɓa karɓar rance ba a rayuwarsa ba shi da abin da za a auna. Za mu ce wa dattijon da bai taɓa cin bashi ba ba shi da amana?

Tunda kotu na cikin takardar wayar da kan, Malam Tafinta, ka yi hattara da abin da ake kwafowa daga intanet. Yawancinsa na Ingila ne. Can hukuncin bashi yana shiga rajista ya zauna shekara shida, sai in an biya cikin wata guda a cire shi. Wannan tsarinsu ne, kada a rubuta shi kamar na nan. A nan, kafin banki ya kai mutum kotu ya riga ya daɗe da kai sunansa ga kamfanonin nan a matsayin wanda ya daina biya. Abin da hukunci ke ƙarawa shi ne ikon karɓa da ƙarfi, musamman abin da lauyoyi ke kira ganishi, wanda zan so a fassara da ɗaure asusu. Mataki biyu ne. Umarnin farko yana zuwa wa banki, ya riƙe kuɗin mutum daidai adadin hukuncin, kuma doka ta ce a isar da takardar aƙalla kwana 14 kafin ranar zama. In ba a kawo wani dalili ba, sai umarnin ƙarshe, a miƙa kuɗin ga mai bin bashi.

Inda aka fi faɗuwa: an kawo sammaci mutum ya ƙi zuwa, aka yanke a bayan idonsa. Ana iya neman a jingine irin wannan hukunci, amma sai da uzuri mai ƙarfi, kuma da gaggawa. Na biyu, ana ɗauka ɗaukaka ƙara na tsayar da karɓar kuɗi. Ba ta tsayarwa, sai an nemi umarnin dakatarwa daban. Wanda ya yarda ana binsa amma ba shi da shi a dunƙule, yana iya roƙon kotu ta yarje masa biya kashi-kashi. In ya gama, ya karɓi rasit da wasiƙa daga mai bin bashin, ya kai kwafi rajistarar kotun a sa a fayil.

Malamin Hausa, Gwagwalada:
Na janye amana, Barista, hujjar dattijon ta isa. Na koma na duba dangin kalmar Alhaji: na lamunce maka, ba za a lamunta ba. Tushen dai yarda ce da ɗaukar nauyi, rance daga baya ya shigo. In jimla ta farko a takardar ta ce lamuni shi ne yardar da ake yi maka ta biya, sauran za su bi. A gwada a baki: makin lamunina ya hau. Ba wanda zai yi wa mai wannan magana jaje.

Tafinta, Garki:
Madalla. To shi gyaran fa? A daftarin an rubuta wanke suna.

Hajiya, sashen rance:
A goge ta, Malam. Wanke suna ita ce kalmar da 'yan damfara ke ciniki da ita: kawo dubu kaza, ina da mutum a ciki, zai goge ka daga kwamfuta. Kamfanin tara bayanai ba ya goge bayanin gaskiya. Abin da mai ba da rance ya turo shi yake ajiyewa, kuma doka ta ce ya ajiye shi aƙalla shekara shida. Abin da ke canzawa shi ne matsayin rancen, daga ba a biya ba zuwa an biya, sai kuma sababbin watanni masu tsabta da ke taruwa a kan tsofaffi. Farfaɗo da lamuni ya fi dacewa.

Ga yadda ake yi. A fara da ganin takardar da kamfanonin ke fitarwa a kan mutum. Doka ta ba kowa damar karɓar tasa kyauta sau ɗaya a shekara, kuma a nemi ta dukkan ukun, don wani rance yana bayyana a ɗaya babu shi a ɗaya, bankuna kuma aƙalla biyu suke dubawa kafin su ba da rance. A bi ta layi-layi, a raba gida biyu: abin da ba naka ba ne ko an riga an biya, da abin da da gaske ana binka.

Na farkon ƙorafi ake rubutawa, a haɗa da rasit ko bayanin asusu, a kai wa mai rancen da kamfanin, a karɓi shaidar an karɓa. Kwana goma na aiki doka ta ba su. In shiru, sai sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki, wanda hedikwatarsa tana nan cikin gari.

Na biyun shi ne aikin. A lissafin banki, rancen da ya wuce kwana 90 ba a biya ba ya fita daga sahun lafiyayyu, a kwana 180 ya zama abin shakka, a 360 a ɗauke shi asara. Don haka mai bashi uku da kuɗi kaɗan ya fara ceto wanda bai kai kwana 90 ba, sannan ya je sulhu a kan tsofaffin. Banki yakan yarda ya tsawaita wa'adi ko ya yafe wani ɓangare na tara, amma duk abin da aka yarda a kai a rubuta shi a takardar banki mai sa hannu, kuma a zuba kuɗin a asusun rancen, ba asusun wani ma'aikaci ko wakili ba. Ranar biyan ƙarshe a tambayi cikakken adadin da zai rufe rancen a wannan ranar, don ruwa kullum yake taruwa. Mutum ya biya abin da aka faɗa masa makon jiya, naira ɗari bakwai ta rage, rancen ya zauna a buɗe yana ƙirga masa kwanakin makara bai sani ba. A karɓi wasiƙar da ke cewa ba a binka komai. Yawanci wata-wata ake tura bayanai, don haka bayan wata biyu a sake duba takardar a tabbatar an sabunta.

Gudu zuwa wani banki ya daina aiki. Tun 1 ga Agusta 2020 akwai tsarin GSI, wanda ke ba banki damar bin BVN ya cire uwar kuɗi da ruwan da ya taru daga asusun mutum a wasu bankunan, ban da tara. Masu rancen korona na 2020 da suka ɗauka kyauta ce, su ma su duba takardarsu.

Daga nan sai gwajin da Alhaji ya faɗa. Ƙaramin abu guda, wanda kason watansa ba zai takura ba, a sa ranar biya bayan ranar shigar albashi da 'yan kwanaki, don albashi na makara. Wanda ba ya hulɗa da ruwa yana iya yin murabaha, wato banki ya sayi kaya ya sayar masa da ribar da aka yarda a kai, a irin Jaiz ko TAJBank, su ma ƙarƙashin Babban Banki suke, biyansa zai shiga takarda. Kada a bi manhajoji biyar a mako guda ana gwada sa'a, kowace dubawa tana barin sawu, mai duba na gaba kuma zai ga mutum a rikice. A ma'aunin FICO, wato irin wannan lamba a Amurka, biya a kan lokaci shi ne kashi 35 cikin 100 na lambar, yawan abin da ake binka kashi 30, sauran ƙanana ne.

Tafinta, Garki:
Allah ya saka da alheri. An tsaya a kan makin lamuni ga lambar, rahoton lamuni ga takardar, ma'ajiyar bayanan lamuni ga kamfanin, farfaɗo da lamuni ga gyaran, ɗaure asusu ga na kotu. Saura wanda Barista ya ambata, mai rahoton da babu komai a ciki.

Alhaji, kasuwar katako ta Dei-Dei:
Baƙon lamuni. Bai yi laifi ba, ba a dai san shi ba tukuna. Amma Hajiya, wanda ya shekara ashirin yana zubin adashi bai taɓa tsallake rana ba fa?

Hajiya, sashen rance:
Baƙo ne shi ma, Alhaji, don uwar adashi ba ta tura wa kowa bayani. In yana so zubinsa ya shiga rahoto, ya nemi ƙaramin banki mai lasisi ko ƙungiyar gama-kai mai rajista, ya tambaye su kafin ya sa hannu: wace ma'ajiya kuke tura wa bayanai, kuma duk wata nawa?