Abin da na tsinta a hirarmu kan Kansas City Chiefs kafin kakar 2025

Mun daɗe muna musu jiya kan Chiefs, ƙungiyar ƙwallon Amurka (American football) da ke gasar NFL, to ga abin da na kwaso. Kusan kowa cewa ya yi kar a ruɗu da nasara 15 cikin wasa 17 da suka yi a 2024, don da yawansu da ƙyar aka sha, kuma ai mun ga yadda ƙungiyar Philadelphia Eagles suka yi musu dukan kawo wuƙa 40 da 22 a Super Bowl, wato wasan ƙarshe na cin kofi, sau 6 ana kayar da Patrick Mahomes, mai jefa wa Chiefs ƙwallo (quarterback), da ƙwallo a hannu, abin tausayi wallahi. Shi ya sa aka ce masu ba shi kariya a gaba za ka fara dubawa, musamman ɓangaren hagu inda suka ɗauko sabon yaro Josh Simmons. Ni ma nan na tsaya.

Wasannin share fage kuwa wai kar ka ɓata barcinka, manya ba sa daɗewa a fili, jira a rage 'yan wasa zuwa 53 tukuna. Wani ya kawo maganar shekarun Travis Kelce, ɗan wasan Chiefs mai karɓar ƙwallo, aka ɗan yi gardama aka wuce. Wasan Chiefs na farko a kakar 2025 da ƙungiyar Los Angeles Chargers ne a Brazil.