Jirgi ya iso gari amma ya ƙi sauka: wa ya taɓa gani?

Alhajin Mokoyo: Salamu alaikum ƴan'uwa. Tsohuwata za ta Umra cikin azumi, kuma ba ta taɓa hawa jirgi ba. Shekarar da na sauke farali, har mun hango fitilun Jidda, an ce kowa ya ɗaure ɗamara, sai jirgi ya karkata dama, ya miƙe, ya sake karkata. Sau huɗu na ƙirga muna bi ta kan gaɓar teku guda. Dattijon da ke kusa da ni ya rantse taya ce ta ƙi fita, ya kama kalmar shahada da ƙarfi, mu ma muka amsa. Wanda ya taɓa gamuwa da haka ya ba mu labari, in san abin da zan gaya mata.

Hajiya ta Zariya: Alhaji, ai wannan tuwon yau da kullum ne a Dubai. Titin jirgi biyu gare su, kuma da tsakar dare jiragen duniya ke taruwa. Ni abin da ya ƙona mini rai, muna ta zagaye ina kallon agogo, jirgin da zan canza zuwa Sin yana shirin tashi. Na same shi da gudu, akwatina bai same shi ba.

Ɗan Gulbi: Wannan aikina ne, ni mai ba jirage umarni ne daga ƙasa. A makarantar harkar jiragen sama ta EAMAC da ke Yamai na koye shi, wadda ke ƙarƙashin ASECNA, hukumar da ke kula da zirga-zirgar jirage a wasu ƙasashen Afirka. Alhaji, ba taya ba ce, layi ne. Titi ɗaya jirgi ɗaya yake ɗauka a lokaci guda, kuma jirgi ba mota ba ne balle ya faka gefen hanya. Sai mu jera su kamar hawan bene, tsakanin kowane da na ƙasansa ƙafa 1,000, wajen mita 300. In na ƙasa ya samu izini ya fita, kowa ya sauko hawa ɗaya. Zagaye guda kusan minti 4 ne, ka ga naka huɗun bai wuce kwata da ɗoriya ba, tsoro ne ya maishe shi awa. Heathrow ta Landan wuraren jira huɗu gare ta na dindindin. Sau da yawa ma ana jinkirta ku ba ku sani ba: a ce wa matuƙi ya rage gudu tun daga nesa, ko a tsawaita masa hanya.

Hajiya ta Zariya: To ƙanena, me ya sa na ga wanda ya zo bayanmu ya riga mu?

Ɗan Gulbi: Yaya, ba kullum wanda ya riga zuwa ke riga sauka ba. Mai maras lafiya a ciki ko mai matsala shi ne gaba da kowa. Sannan babban jirgi yana barin guguwa bayan fikafikansa. Matsakaitan jirage biyu mil 3 na teku ya isa tsakaninsu, amma matsakaici bayan babba sai mil 5, bayan ƙaton jirgin nan A380 kuwa 7. Shi ya sa mai jera su yake lissafin wa zai bi wa, don kada titi ya zauna banza.

Ɗaliba a Faransa: Ni nawa jiran a ƙasa na yi shi, a Paris. An rufe ƙofa, minti 50 ba mu motsa ba. Matuƙi ya ce an ba mu lokacin tashi, wani fasinja ya makara muka rasa lokacin. Hukumar Eurocontrol da ke Brussels ke raba lokutan tashi in sararin Turai ya cika, kuma rangwamen minti 5 ne kafin, 10 bayan. Na yi ta tsaki, sai daga baya na ga gara zama a ƙasa da ƙona kananzir a sama.

Mai Shagon Babbar Kasuwa: Ku duk kun sauka inda kuka nufa. Mu cikin hunturu hazo ya rufe Kano, muka yi zagaye har na daina ƙirga, matuƙi ya ce man jiransa ya kai iyaka, sai Abuja. Direban da ya taso daga Maradi tun asuba ta Ɗan Isa ya kwana cikin mota yana jirana. Kuɗin kwanansa ma sai da muka yi ciniki.

Ɗan Gulbi: Iyakar nan ba ƙarewar mai ba ce. Doka ta sa ya bar na zuwa wani filin, da na ƙarin minti 30 a kai.

Alhajin Mokoyo: Allah ya saka da alheri. Na karanta mata duka. Ta ce layi ba baƙonta ba ne, ta yi na famfo shekara da shekaru. Tambayarta ɗaya: in ana zagayen, ana barin mutum ya zaga?

Hajiya ta Zariya: Ba a bari, fitilar ɗamara na kunne. Ka ce wa Inna da ta ga an fara kwashe kofuna, ta tashi ta kama ruwa.