Shin cire tamosta ne maganin zafin inji a Legas?

Mai gingimari, Agege:
Assalamu alaikum. Ina da tsohuwar Mercedes 911 da nake dakon kayan gwari da ita daga kasuwar Mile 12. Injinta na asali, OM352, ya gaji, sai na sayi OM366 mai tobo a Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota, aka ɗora mata, aka bar lagiretonta na da. Tun daga lokacin, da zarar ta shiga cunkoson Ketu zuwa Ojota sai allurar zafi ta hau ja, ruwa ya riƙa fesowa ta tiyon da ke wuyan lagireto, amma idan hanya ta buɗe sai allurar ta sauko da kanta. Wanda ya yi aikin ya ce a cire tamosta, wato abin da yake buɗe wa ruwa hanyar zuwa lagireto idan inji ya ɗumi, wai ba shi da amfani a ƙasa mai zafi. Ina neman shawararku kafin in amince.

Tsohon direba, Mile 12:
Wa alaikumus salam. Alhaji, bakanikenka ya faɗa maka gaskiya. Turawa sun sa wannan abu ne saboda ƙanƙarar ƙasarsu, domin inji ya yi saurin ɗumi da safe, mu kuwa a nan rana ta riga ta ɗuma mana shi. Tun muna yaran mota muke ganin ana cire shi daga kowane injin Beljiyam, wato na hannu da ake shigowa da shi daga Turai, kafin a ɗora, kuma motocin nan sun yi ta zuwa Kano suna dawowa lafiya. Ka cire, ruwa ya samu hanya ya yi ta zagayawa.

Bakaniken dizal, Ijora:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma a wannan ban bi ka ba. Injin dizal yana son ya yi aiki a tsakanin digiri 80 da 90, iskar Legas kuwa ba kasafai take wuce digiri 35 ba, saboda haka a wurin inji garin nan ma sanyi gare shi. Sababbin motocin da ake sayarwa a Saudiyya, inda zafi ya fi namu nesa ba kusa ba, da tamosta suke zuwa. Abin da ya fi muhimmanci shi ne yadda aka ƙera shi. A yawancin injinan manyan motoci tamosta yana da baki biyu: na sama yana buɗe hanyar zuwa lagireto idan ruwa ya kai kusan digiri 80, faifan da ke ƙasansa kuma a daidai lokacin yana toshe gajeriyar hanyar da ke mayar da ruwa ga famfo kai tsaye. Idan aka cire shi, gajeriyar hanyar nan za ta zauna a buɗe, wani kaso na ruwan zafi ya riƙa komawa cikin inji bai ga lagireto ba. Ke nan akwai injin da cire tamosta yake ƙara masa zafi a ƙarƙashin lodi, da safe kuma ya daɗe bai ɗumi ba, gas ba ya ƙonewa sosai, baƙin mai yana lalacewa da wuri, ringi yana cinyewa.

Tsohon direba, Mile 12:
To, ɗana, me za ka ce game da motar da take tafasa, aka cire shi, ta daina nan take? Da idona na gani, ba labari aka ba ni ba.

Bakaniken dizal, Ijora:
Ban ƙaryata ka ba, Baba. Injin da ya daɗe a ajiye ba ruwa a cikinsa, tamostansa yana iya maƙalewa a rufe, kuma idan hakan ta faru a daji tsakanin Jebba da Mokwa, ni ma cirewa zan yi in lallaɓa zuwa gari. Amma wannan lalataccen tamosta ne, maganinsa sabo. Gane shi ba wuya: a ɗaure shi da waya a tsoma a tukunyar ruwa a kan wuta, mai lafiya zai fara buɗe baki kafin ruwan ya tafasa, ya rufe idan ya huce. Sai dai motar Alhaji ba ta yi kama da haka ba, domin da a rufe yake, da gudu a buɗaɗɗiyar hanya ya ƙara mata zafi, ba ya rage ba.

Mai gyaran lagireto, Idi-Araba:
Ni a ganina an bar jaki ana dukan taiki. Lambar 911 tana nufin tan 9 da ƙarfin doki 110, kuma daidai wannan ƙarfi aka yi wa lagiretonta. OM366 mai tobo yana kaiwa wajen doki 170, wanda ya fi cin mai kuwa ya fi fitar da zafi. Ga shi lagireton ya shekara da shekaru yana shan ruwan rijiya, wanda a unguwannin da ke kusa da teku yake da gishiri. Duk tsohon lagireton da na fasa kansa, nakan tarar da bututai da yawa sun toshe da tsatsa da wani farin dasashi mai tauri, har sai an zura ƙarfe kafin ruwa ya bi. Alhaji ya ɗuma motar ya kashe ta, ya shafa fuskar lagireton da tafin hannu daga gefe zuwa gefe. Duk inda ya ji sanyi a tsakiyar zafi, nan a toshe yake. Shawarata a yi masa sabon ciki mai ƙarin layin bututai.

Bakaniken dizal, Ijora:
Maganarka tana kan hanya, Malam, kuma ranar da motar za ta hau tudu da cikakken lodi za a tuna da ita. Amma lokacin da mota take zafi shi ne yake nuna mai laifi. A cikin cunkoso injin yana silo, ƙarfin da yake fitarwa kaɗan ne, ko ƙaramin lagireto ya isa ya ɗauke zafin muddin iska tana ratsa shi. Idan mota tana gudu iska kyauta ce, a tsaye kuwa sai abin da fanka ta jawo. Alhaji, wace fanka ce a jikin motar yanzu, kuma ina kwanon da yake kewaye da ita?

Mai gingimari, Agege:
Fankar da ta zo da sabon injin ce. Kwanon kuwa an cire shi saboda fikafikan suna gogarsa, yana nan jingine a gareji. Tsakanin fankar da lagireto akwai tazarar da ta fi tafin hannu.

Bakaniken dizal, Ijora:
To, nan zan fara. Fankar da ba kwano daga gefe take jan iska, ta yi ta juya zafin da ke cikin bonet, ba ta tilasta wa iskar waje ta bi ta cikin lagireto. A kai kwanon wurin mai walda ya faɗaɗa bakinsa daidai da sabuwar fankar, a matso da ita har kusan rabin faɗin fikafikan ya shiga ciki. A kuma tabbatar tana ja ne ba turawa ba: a tayar da mota a riƙe takarda a gaban lagireto, idan ta manne to daidai ne. A duba fambel, domin sakakke yana santsi ya rage gudun fanka da famfo a tare.

Mai wayarin, Obalende:
Ina da ƙari ɗaya. Na'urar auna zafi da ke jikin sabon inji ba lallai ta dace da agogon tsohon dashbod ba, saboda haka allura tana iya nuna ja alhali injin bai kai nan ba. A mayar da ta tsohon injin idan zarenta ya shiga. Fesowar ruwa kuma ba kullum take nufin zafi ya wuce kima ba. Ruwa yana tafasa a digiri 100 a nan bakin teku, matsin da murfin lagireto yake riƙewa ne yake ɗaga wannan iyaka, kuma murfin da robarsa ta tsage ba ya riƙe komai. Iskar da ta maƙale lokacin zuba ruwa bayan ɗora inji ita ma tana tunkuɗo ruwa waje.

Tsohon direba, Mile 12:
Kun yi ta lissafi, amma babu wanda ya ambaci gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa. Injin da ba ka san tarihinsa ba, wa ya sani ko ya taɓa tafasa a can? Alhaji, da safe kafin ta ɗumi ka buɗe murfi, ka cika ruwa, ka tayar, ka sa yaro ya taka totur. Idan ka ga kumfa tana tasowa ba ƙaƙƙautawa, ko bayan ka rufe murfin tiyon sama ya yi tauri nan da nan, alama ce gasket ya lalace, ka mayar wa mai shi injinsa tun kwanakin gwajin da ya ba ka ba su cika ba. Kada dai ka buɗe murfin tana da zafi. Batun tamosta kuwa ina nan a kan bakana: tawa motar babu shi a ciki.

Bakaniken dizal, Ijora:
Gwajin kumfa daidai ne, Baba, kuma shi ya kamata a fara yi tunda ba ya cin ko sisi. Taka motar kuwa, ina so in ga gidan tamostanta, domin sau da yawa wanda ya cire yakan toshe gajeriyar hanyar da wani abu, mai mota bai sani ba.

Mai gingimari, Agege:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Gobe da asuba zan yi gwajin kumfa da na takarda, in sayi sabon murfi, in kai kwanon wurin mai walda. Tamostan zan sa a fito da shi a dafa a gabana, idan ya buɗe a mayar da shi. Malam na Idi-Araba, nawa ne kuɗin sabon ciki mai ƙarin layi, kuma kwana nawa motar za ta tsaya?