Hanji da jijiyoyinsa: abin da aka tattauna

Jama'a, maganar da aka yi kan jijiyoyin hanji da damuwa ta yi tsawo, ga abin da na tsinto.

1. An yarda hanji na da jijiyoyinsa, sama da miliyan 100, masu musayar saƙo da ƙwaƙwalwa. Shi ya sa cikin ɗalibi ke ɗurar ruwa ranar jarrabawa, wani ma a cunkoson motocin Kawo a Kaduna cikinsa ke murɗawa.
2. Jijiyoyin nan ke sa bangon hanji fitar da ruwa mai yauƙi da ke tare ƙwayoyin cuta. Doguwar damuwa na raunana wannan garkuwa.
3. An rabu kan abin da ke kawo olsa. Wasu sun ce tunani ne, ma'aikatan lafiya suka ce galibi ƙwayar cutar H. pylori ce ko yawan shan maganin ciwo irin ibuprofen. Ni dai ina bayan ma'aikatan lafiya, a je gwaji.
4. Isasshen barci, wake, zogale: babu gardama kan amfaninsu ga hanji.