Shin dole ne sunan bariyabul na gama-gari ya fara da g_?

Malamin manhaja: Bariyabul ma'aji ne mai suna da manhaja ke ajiye bayani a cikinsa. Matsayata ita ce, duk bariyabul na gama-gari, wato wanda kowane sashe na manhaja ke iya karantawa da sauyawa, ya kamata sunansa ya fara da g_, domin wanda ya taɓa shi ya san cewa wani sashe can nesa zai ji a jikinsa.

Tsohuwar ɗalibarsa: Allah ya gafarta Malam, ina ganin alamar ba ta isa ba, domin suna irin g_cnt (cnt gajeren count ne, wato ƙirga) ya gaya mini inda abin yake, amma bai gaya mini abin da ake ƙirgawa ba. Ƙa'idar rubuta manhaja ta Linux, wato wani tsarin sarrafa kwamfuta, ta ce dole sunan gama-gari ya bayyana aikinsa, har ta kawo misali da count_active_users maimakon cntusr, kuma ba ta nemi a maƙala wani harafi a gaba ba.

Mai gina shafuka: Yaya, ni a nan ina bayan Malam, saboda abin ya taɓa cizona. Na rubuta var name = 5 a saman fayil ɗin JavaScript, yaren manhajar shafukan intanet, na ƙara masa 1, sai allon ya nuna mini 51. Na kwana ina neman kuskuren kafin na gane cewa burauza, manhajar buɗe shafukan intanet, tana da nata name na gama-gari, wato window.name, wanda ke mayar da duk abin da aka zuba masa rubutu. Da g_ na sa, da ban yi karo da shi ba.

Tsohuwar ɗalibarsa: Ƙanena, da ka rubuta adadin_masu_rajista ma da ba ka yi karo da komai ba, kuma da wanda zai gaji aikinka ya fahimce shi tun kallon farko.

Dattijo mai rubutu da yaren manhaja na C: Ku sani gajerun sunayen da muka gada ba duka lalaci ba ne. Ƙa'idar C ta 1989 haruffa 6 na farko kawai ta lamunce za a bambanta a sunayen waje, wato waɗanda wasu fayiloli ke iya gani, sai ta 1999 ta kai su 31. Wannan uzurin ya ƙare, shi ya sa raina ke ɓaci idan na ga matashi ya rubuta tmp2 a saman fayil.

Malamin manhaja: Na yarda cikakken suna shi ne farko. Amma a ajina zan ci gaba da neman g_adadin_masu_rajista, domin ɗalibin shekarar farko bai iya bambance na gida, wato na sashe ɗaya kawai, da na gama-gari da ido ba tukuna.