Ranar Farko Gaban Likitan Damuwa

A zaman da muka yi da matan Agege, babban tsoron kowa shi ne a ce ta haukace. Waɗanda suka taɓa zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba ko LUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas da ke Idi-Araba, sun ce ganin farko tambayoyi ne: barcinki, cin abincinki, abin da ke cin ranki, magungunan da kike sha. Yakan kai awa guda. Ba dole ki zazzage cikinki ranar ba, kuka ma ba laifi. Sirrinki ba ya fita sai in rai na cikin haɗari, ni wannan ya fi kwantar min da hankali. Wata hajiya ta ce a yi sammako saboda goslo.